Sabuwa Mai Huda Tazkara

Ni mai shayi ce a gindin dogon yaron da motar makaranta ke tsayawa, saboda haka ba labari aka ba ni ba, a gabana aka yi.

Sabuwa ta daɗe tana kula da 'yan matan ƙauyenmu da ake kaiwa sakandaren Suki. Kujerarta na bakin ƙofa, ƙusa a hannunta. Kowace yarinya ta miƙo tazkararta, wato tikitin kujerarta, a huda, sannan ta shige. Ba a ɗaukar kowa a tsaye, don 'yan sandan hanya ba su san wasa ba. Gajeriya ce, amma Hamid direba kansa shakkarta yake yi. Mijinta ya rasu da wuri, ba ta haihu ba, sai ta zuba ƙarfinta kan ƙaninta Alhasan har ya zama mutum. Shi ne yanzu shugaban lajna, wato kwamitin iyaye masu raba kujerun motar.

Muna da wata al'ada. Riɗi in ya nuna ba ya jiran kowa, don haka 'ya'yan 'yan ƙwadago kan bi iyayensu yanka a gonakin nesa. Mai tafiya sai ta bar tazkararta wurin Sabuwa, ita kuma ta ƙulle a bakin mayafi. Kujerar a ba wata aro, ran da mai ita ta dawo a tashi a ba ta. Haka ake yi tun da aka kawo motar.

Bana Mero, wata bazawara mai aikin gonar mutane, ta kawo tazkarar 'yarta Muhsina.

"Sabuwa, ga amana. Shekarag ga ɗiyata za ta zamna jarrabawar shahada, ta ƙare sakandare."

"Tahi abinki, Mero. In dai ina da rai, kujera na nan."

Bayan tafiyarsu Alhasan ya zo, ya zauna a bencina yana kurɓar shayi kamar mutumin kirki.

"Yaya, ba ni tazkarorin yaran ga, za a buga musu sabon hatimi."

Ta kwance mayafi ta ba shi, har da sa masa albarka. Ashe gaban lajna ya kai su, ya nuna musu ba huji ko ɗaya a kwanakin nan, ya ce masu su sun bar karatu. Aka raba kujerun ga wasu, ta Muhsina ta faɗa hannun Ibtisam, ƙanwar matarsa. Ba wanda ya gaya wa Sabuwa. Ita tana ganin aro ne irin na kullum.

Ran da Muhsina ta dawo, hannuwanta duk sun yi kanta, Sabuwa ta ce wa Ibtisam ta tashi, mai wuri ta zo. Yarinyar ta ɗaga sabuwar tazkara mai sunanta. Sabuwa ta juya ga direba.

"Hamid, mi ke nan?"

"Ma'alesh, yi haƙuri, Hajja. Lajna ta gama magana tuntuni."

Wato shi ma ya sani, yana ta gaishe ta kullum safiya. Wallahi ni da ke gefe sai da na ji kamar in watsa masa ruwan zafi. Sabuwa ta kama hannun Muhsina ta zaunar da ita a kujerarta ta bakin ƙofa, ta sauko, ta ce a ja mota.

Washegari Alhasan ya riga kowa zuwa, tare da matarsa Ruqaya, an ba ta sabuwar ƙusa.

"Yaya, wadda ta bar mota ta bar aiki. Doka ce, ba ni na yi ta ba."

"Alhasan, ni ka yi wa haka?"

Ya duƙa yana gyara takalmi. Ruqaya ta haye ta zauna, motar ta tashi, ta bar Muhsina tsaye da littattafanta a ƙirji.

Sai ga Mero. Ta dubi 'yarta, ta dubi Sabuwa, ta ce, "Ashe tare kunka shirya da ƙanenki."

Har yau rabin ƙauyen nan haka suka yarda. Muhsina kuwa ba ta zauna jarrabawar ba, tana tsinkar auduga tare da uwarta.