Ƙwallon da Rufa'i Mai Hagu Bai Buga Ba

A Dangora har yau ana cewa lokacin yaƙin basasa soja sun zo aron ƙafar Rufa'i ta hagu, wai igwarsu ce ta lalace. Ƙarya ce tsagwaronta. Ko ƙwallon da aka ce ya buga ta faɗa kasuwar Yako, a kaskon wainar Tani ta sauka, nan bayan fili.

Amma fa Rufa'i ya yi ƙwallo. Ba takalmi, tafin ƙafarsa kamar busasshen ƙirgi. A zamanin ba mai rubuta wa ɗan ƙauye ƙwallayen da ya ci, sai amininsa Hamman, Bafillacen da ke tsare musu gida. Duk wadda Rufa'i ya zura, Hamman zai zaro wuƙa ya yi tsaga ɗaya a sandarsa ta kiwo, har sandar ta koma kamar zarto. Rufa'i na cewa tsagar ta kai ɗari uku. In ya sha fura ya ƙoshi, dubu ce.

Yaƙi ya ɗebe samari, wani kamfanin saƙa a Kano ya rasa 'yan wasa. Aka aiko wa Rufa'i ya zo gwaji, in ya yi, aiki da riga mai lamba. Aka ɗaura masa takalmin ƙwallo, yana tafiya kamar an sa wa raƙumi dabaibayi. Duk da haka ya yanke mutum uku, ya rage daga shi sai mai tsaron gida.

Sai ya ji sallama daga bakin fili. Kawunsa Labaran ne, wanda ya riƙe shi tun yana maraya, ya biyo motar gyaɗa takanas don ya gan shi. A gidansu kuwa ba a amsa wa babba a tsaye, balle da takalmi. Rufa'i ya bar ƙwallo, ya durƙusa, ya hau kwance igiyar takalmi.

"Kawu, an zo lafiya? Ya mutanen gida?"

Mai tsaron gida ya tako a hankali ya ɗauki abarsa. Mai horar da 'yan wasa ya karɓi takalminsa, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Motar da ta kawo kawu ita ta mayar da su Dangora.

Ya yi nufin sake gwadawa in an cire gyaɗa. Kafin nan Hamman ya shiga soja, ya bar masa sandar ajiya, bai kuma dawo ba. Rufa'i bai ƙara taɓa ƙwallo ba, domin in ya ci wa zai yi tsagar? Ya kama noman dawa, ya aurar da 'ya'ya, gwiwar hagun ta zama mai ba shi labarin hadari.

Yanzu jikokinsa sukan duba waya su faɗi ƙwallayen Bature tun na zamanin kakan kakansa, amma babu sunan Mai Hagu. Waɗanda suka ga wasansa sun ƙare. Sandar ce kawai, ita ma gara ta fara ci daga gindi.

Rannan taubashinsa, ɗan Kawu Labaran, wato mai ba ku labarin nan, ya iske shi a zaure yana shafa mata mai.

"Mai Hagu, gara fa ta rama rabin ƙwallayenka. Ɗayar da za ta sa a san ka kuwa, ka tsuguna kana tambayar mutanen gida."

Rufa'i bai ko ɗago kai ba.

"Ubanka na gaisar. Da ya haifi mai gaishe shi, da na buga ƙwallona."