Shekarar da Aka Ba da Duna

Ranar wata Juma'a cikin bazarar 2004, ina aji biyar a firamare, Kawu Sani, ƙanin Innarmu da ke gadi a Legas, ya sauko daga motar tumatir a bakin hanyar Kura riƙe da wani kare mai girman ɗan maraƙi. Wai karen Jamus ne, maigidansa Bature ya bar masa, shi kuma ya kawo wa Baba tsaraba. Kunnuwa a tsaye, gashi buzu-buzu. Baba, wanda ko kare ya gifta sai ya tattare rigarsa, ranar har zagaya shi ya yi yana murmushi.

Alhali muna da namu. Duna sunansa, baƙin kare siriri da ke zaune a bukkar gonarmu, bakin magudanar ruwa. Ba ya shiga gida. Ƙanzo da ragowar tuwo ne abincinsa, ni nake kai masa kullum bayan makaranta, amma akuya ba ta isa ta leƙa tumatirinmu ba. Da aka kai baƙon gona suka fara faɗa, sai Baba ya ba wasu mafarautan Bunkure shi. Na bi su har gada ina kuka, yana ta waiwaye a igiya.

Daga nan wahala ta dawo kaina. Karen Jamus ba ya cin tuwo, nama yake so, mu da sai ranar kasuwa muke ganinsa. Rana na yin tsaka zai shige ruwa ya kwanta, harshe a waje, awaki suna wucewa ta gabansa. Baba ya ce gashin ne ya dame shi, ya sa aka yi masa aski da almakashi, ƙudaje da kaska suka samu wurin zama. Ni ne gudu, ni ne jifan awaki, ni ne cire kaska, sannan in je in yi ta wanke hannu da ƙasa kafin La'asar. Na gaji, na tsane shi, ina kuma tausayinsa. Bai kai damina ba ya mutu, awaki kuwa sun riga sun cinye rabin gonar. Inna dai cewa ta yi, "Garin neman gira an rasa ido."

Yanzu yarana kan nuna mini hotunan karnuka a waya: wannan na Rasha ne, wannan na Japan, wancan na Ingila, kowanne da sunan irinsa. Gonar an raba ta gado, bukkar ta rushe. Na sa su nemo mini irin Duna, suka duba har suka gaji, suka ce karen gida ne kawai. Har yau ban san wanda ya ci gaba da kai masa tuwo ba.