Abin da Na Kasa Faɗa Gaban Yayan Mijina

Edita, ina yi muku sallama daga Sakkwato. Lokacin da wannan abu ya same ni, malama ce ni a wata makarantar matan aure a Mabera, na ɗan haura shekara arba'in, kuma ina ji da kaina wajen dauriya. A gidanmu na Ƙofar Taramniya an raine mu a kan cewa 'yar mutunci ba ta raki. Duk haihuwar da na yi, maƙwabta ba su taɓa jin muryata ba sai kukan jariri, har tsiya nake yi wa ƙannena in ciwon kai ya kwantar da su.

Wata safiya ina tsaka da karantarwa na ji kamar an ɗora min turmi a ƙirji, zufa ta karyo min, hannuna na hagu ya yi nauyi. Ɗalibaina suka kai ni asibiti, aka ce bugun zuciya ne, wata babbar jijiya da ke kai wa zuciyar jini ta toshe. Daga baya aka tura mu wani asibiti a Abuja, aka zura siririyar roba ta hannuna aka buɗe jijiyar. Maigidana yana fama da ƙafa, ba ya iya doguwar tafiya, sai yayansa da matar yayan suka ɗauki nauyin raka ni. Likitar da ke duba ni a can ba ta jin Hausa, ni kuma karatuna na Larabci ne, don haka yayan nasa ne ke shiga ya yi mana tafinta. Mutumin kirki ne, Allah Ya saka masa, amma tunda na shigo gidansu ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba.

Da muka koma a duba ni, likitar ta yi bayani cewa buɗe babbar jijiya ba shi ne ƙarshen magana ba. Akwai ƙananan jijiyoyi da ba su kai kaurin gashi ba, hoto ba ya nuna su. Yayan ya kwatanta min da lambu, ya ce babbar hanyar ruwa tana iya cika, amma fangalin shuka ya bushe in ƙananan hanyoyin sun cushe. Ta ce in har ina jin nauyin ƙirji ko haki, za a zura wata siririyar waya a auna yadda jini ke wucewa ta cikinsu, a sauya min magani. Sai ta shiga tambaya, ko ina haki wajen wanka, ko ciwon yana ƙarƙashin mama ne, ko yana taso min lokacin da nake tare da maigida. Bawan Allah nan ya sunkuyar da kai, ya haɗiye rabin tambayoyin, sauran ya faɗe su yana kallon bango. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce da sauƙi. Alhali ko sharar tsakar gida ba na gamawa sai na dafa garu.

Zuwa na gaba ma haka na amsa, sai aka ga babu buƙatar gwajin. A gida aka yi sadaka, 'yan dubiya suna ta yi min barka, ni kuma ina haɗiye abina. Bayan wasu watanni ƙafafuna suka kumbura, ran nan a sallar azahar na yi sujada na kasa ɗagowa, numfashi ya ƙi. Aka sake kai ni Abuja. Wannan karon wata ma'aikaciyar jinya Bahaushiya ce ta yi tafinta, na zazzage mata komai. Aka yi gwajin, ya nuna ƙananan jijiyoyin ba sa barin jini ya wuce yadda ya kamata, kuma wani sashe na zuciyar ya riga ya raunana. Likitar ba ta yi faɗa ba. Ta ce ba za ta rantse ba, amma da an sani da wuri, mai yiwuwa da an rage ɓarnar. Yayan mijina ya same ni idonsa jawur, ya roƙe ni gafara, ya ce shi ma kunyata ce ta sa ya riƙa gutsure tambayoyin. Na yafe masa, domin abu ɗaya ne ya ɗaure mu.

Yanzu na ajiye koyarwa, ina shan magani, ina gode wa Allah da Ya bar ni da rai. Amma ina baƙin ciki, ba zan ɓoye ba. Na gane cewa likita ba ɗan dubiya ba ne da za a sallame shi da kalmar da sauƙi, da amsarka yake yanke shawarar abin da zai auna. 'Yan'uwana mata, in za ku ga likita, ku tafi da wadda ba kwa jin nauyinta, in babu ku nemi mace ta yi muku tafinta, kuma ku faɗi inda ke ciwo da sunansa. Ni kunyar ɗan lokaci na gudu, ga shi yau a kan kujera nake sallah, goshina bai ƙara taɓa ƙasa ba.