Duwatsun Baban Edna

Yaran nan masu keke, in ka ce su kai ka Gangaren Kanya, sai su tambaye ka ko wajen gidan Baba Titus za ka sauka, alhali rabinsu ba su san ko wane ne shi ba. Ni Barira na san shi. Katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu shekara talatin da ɗaya, kuma na taɓa yi masa ɓarnar da har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Saboda haka ni ya kamata in ba da labarinsa, kafin masu ƙarin gishiri su riga ni.

Lokacin da muka sauka a nan, shekarar da jirgin ƙasa ya fara shigowa Gombe, gida bakwai ne kacal, da rijiya ɗaya, da wata tsohuwar kanya. Sauran duk gonakin auduga ne har Pantami, ita ma Pantamin a lokacin ƙauye ce. Mu daga Katsina muka zo, maigidana yana harkar auduga. Akwai Fulani gida biyu da shanunsu, akwai Terawa, sai mai unguwa Malam Iro, Bakano mai yawan tari da yawan haƙuri. Ƙasar tamu yashi ce zalla, kuma a gangare muke. Duk ruwan da ya sauka a tudun yamma ta kanmu yake bi. A bayan unguwa ya yi wa kansa wata 'yar hanya wadda akuya ke tsallakewa ba tare da ta lura ba.

Titus mutumin Tula ne, can cikin duwatsun kudu. Aikin shimfiɗa layin dogo ya kawo shi, da aka gama kuma aka riƙe shi cikin masu gyara. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, maganarsa kamar ana sayar masa da ita, kafin ya gama gaisuwa na ƙare tankaɗe. Da ya nemi fili, Malam Iro ya ba shi na ƙarshe, wanda ke daf da hanyar ruwan nan, don ba wanda yake so. Ya gina ɗaki uku da hannunsa, ya kawo matarsa Dokas. Da suka haifi 'yarsu ta fari Edna sai duk unguwa ta koma kiransa Baban Edna. Zamanmu lafiya lau. Ran Kirsimeti shinkafar Dokas sai ta zaga gida-gida, ran Babbar Sallah kuwa cinyar ragonmu tata ce, kuma ita ta karɓi haihuwar 'ya'yana biyu.

Ana nan sai kuɗin mai ya shigo ƙasa. Shekarar ƙarin albashin Udoji wanda bai taɓa riƙe rediyo ba ya sayi biyu. Ma'aikata suka yi ta yanka filaye a kan tudu, kowa ya ɗora kwano yana ƙyalli. To shi kwano ba ya shan ruwa, ƙasar da aka daɓe ita ma ba ta sha, sai duk ya taru ya gangaro mana. Cikin damina biyu hanyar da akuya ke tsallakewa ta zama kwarin da raƙumi zai shige ba a ga tozonsa ba.

Aka tara mutane, aka ba Ɗantala aikin. Ɗan unguwa ne da ya zama ɗan kwangila, ga babur sabo, ga tabarau ko a inuwa. Ya gina katangar siminti ta tare bakin kwarin, aka shafe ta sumul, har da rubuta shekara a jiki. Mun yi guɗa, ni ce ma kan gaba. Ruwan Yuli na farko ya zo ya tarar da ita, ya bi ta ƙarƙashi, ya zaga ta gefe, ya kwantar da ita kamar ƙyauren kara.

Da kaka wani jami'i ya zo daga ofis da gwangwanin jan fenti. Ya auna daga bayan ɗakin Titus zuwa bakin kwarin da ƙafarsa, taku goma sha takwas. Ya shafa jan fenti a jikin bangon, ya ce zai dawo bayan damina mai zuwa, in ya tarar bai kai taku goma ba, za a rushe gidan kafin ya binne mutane. Dokas ta shige ɗaki. Titus ya tsaya yana kallon fentin.

Da rani ya kama sai muka ga abin mamaki. Mutumin da kwari ke shirin cin gidansa ya juya wa kwarin baya, ya hau can sama inda ruwan ke farowa, wajen tafiyar minti goma. Kullum in ya taso daga aiki sai ya tura kurar ɗaukar kaya ya kwaso ɓaraguzan katangar Ɗantala, da duwatsun da yake samowa nesa, ya jera su a gicciye. Tsayinsu bai wuce gwiwa ba, babu siminti, babu ko laka, ga ramuka a tsakani da ɓera zai wuce a guje. Ya gama layi ɗaya, ya sauko taku ashirin ya fara wani.

Ni bakina ba ya shiru. Na same shi ina dawowa daga tallan ƙuli-ƙuli, na ce, “Baban Edna, siminti ma ya sha ƙasa, sai wannan rariyar taka?”

Ya ɗago yana share gumi. “Yaya Barira, ba a tare ruwa,” in ji shi. “Gajiyar da shi ake yi. A garinmu gona a jikin dutse take, haka muke riƙe ƙasa.”

Na ce Allah ya ba da sa'a, na wuce ina dariya. Na kai labarin bakin rijiya, da yamma duk mata sun san rariyar Titus.

Ga inda laifina yake. A unguwar yashi dutse abu ne mai daraja. Murhunmu da curin ƙasa muke yi, in ya sha wuta sau biyu ya farfashe. Sai bikin 'yar Zulaihatu ya taso, maƙwabciyarmu ta gabas, aka aro manyan tukwane uku, aka rasa abin girka su. Ni da bakina na ce, “Ga duwatsu can Baban Edna ya tara ba aikin fari ba na baƙi.” Muka je muka zaɓo tara, manya masu kyau, daga tsakiyar layin ƙarshe, wanda ya fi kusa da gidansa. Na ce in an gama biki za mu mayar. To wa ya taɓa mayar da dutsen murhu? Da sauran mata suka ga Barira ta ɗiba, sai kowace ta je ta ɗauko ukunta. Titus kuwa an tura su gyaran layi wajen Bajoga na mako biyu, Dokas na fama da goyo.

Kwana ɗaya kafin ya dawo aka yi ruwan farko, da la'asar sakaliya. Ruwan ya sauko layi-layi a hankali kamar yadda Titus ya faɗa, da ya iso na ƙarshe sai ya sami ƙofa a buɗe. Duk ya haɗu ya bi ta giɓin nan da ƙarfi, ya zabtare bakin kwarin, ya tafi da madafar Dokas da tukwanenta. Da aka auna, saura taku goma sha ɗaya.

Washegari Titus ya yi sallama a gidana. Duwatsunsa uku na tsakar gida, sun yi baƙi ƙirin, tukunyar dafa gyaɗata na bisa. Ya dube su, ya dube ni. Sai ya ce, “Yaya Barira, ya muka ji da ruwa? Ba abin da ya taɓa muku dai ko?” Ya juya ya fita.

Wallahi da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Na sauke tukunyar nan, ban jira duwatsun su huce ba, na naɗe ɗaya da tsumma na ɗora a ka. Na bi gida-gida da shi ina faɗa, “Ni na fara, ni na ja ku. Duk wadda ke da dutsen Baban Edna ta fito da shi, in ba haka ba yau ni da ita ne.” Sun san halina. Kafin azahar mata goma sha huɗu muka jeru a hanya, kowace da baƙin dutse a ka. Waɗanda ba sa fita suka miƙo nasu ta zaure.

Muka sauke a gabansa. Na ce, “Ka yafe mana. Kuma ba tafiya za mu yi ba, ka nuna mana yadda ake yi.”

Na zaci zai ƙi. Can ya durƙusa ya ɗauki ɗaya. “Babba a ƙasa,” ya ce. “Ki kwantar da shi ya jingina wajen tudu. Kada ki toshe ramin, ta nan zai yi numfashi.”

Maza suka ga matansu na dakon dutse, kunya ta ishe su. Malam Iro ya sa aka yi shelar gayya. Fulani suka kawo shanun ja, Terawa suka haƙo saiwar ciyawar jema daga fadama aka dasa a bayan kowane layi. Ɗantala da kansa ya zo, babu tabarau, ya ba da tifarsa ta yi sawu shida na dutse daga Liji. Ran Lahadi Titus na coci mu muna aiki, ran Juma'a maza na masallaci shi da 'yan cocinsu suna yi. Ba kullum ake shiri ba, don Titus a kan dutse ba shi da kara. Sau uku yana rushe abin da na jera, na ukun har na ce masa ai ba ɗakin amarya nake gyarawa ba. Cikin mako biyar muka yi layi ashirin da biyu, har da huɗu a cikin kwarin kansa.

Babban ruwan ya zo a watan Agusta, ran wata Talata. Tun azahar gari ya yi baƙi, aka tsuge kamar da bakin ƙwarya. Muka tsaya a ƙarƙashin rumfar Malam Iro, daga nan ana hango gangaren duka. Titus ya ƙi shigowa, yana tsaye a bayan ɗakinsa da buhu a ka. Na ga ruwan ya taho jawur yana kumfa, na ce yau kam mun kashe bawan Allah. Ruwan ya bugi layin farko ya tsaya, ya taru, ya tsiyaya ta ramuka. Ya bugi na biyu haka. Kafin ya iso wajen baƙaƙen duwatsunmu ya zama kamar wanda aka zubar daga tulu. Har la'asar ana yi, bakin kwarin bai zubar da ko cikin tafi ba. Da aka ɗauke muka hau dubawa, sai ga ƙasa mai laushi ta kwanta a bayan kowane layi. Na zauna a kan jiƙaƙƙen yashi na yi kuka, ban damu da wanda ke kallo ba.

Jami'in ya dawo bayan an yi girbi. Ya auna, taku goma sha ɗaya. Ya sake aunawa da ƙananan taku, ya sake da manya. Ya leƙa kwarin ya ga cikinsa ya taso har jema ta yi kore a ciki. Ya tambayi Malam Iro wane kamfani ya yi aikin, Malam Iro ya yi tari ya nuna Titus da haɓa. A gabanmu mutumin ya soke sunan gidan daga takardarsa. Ranar na yi guɗar da sai da muryata ta dushe kwana uku.

Titus bai yi wani biki ba. Mako na zagayowa ya hau mota zuwa Tula, ya dawo da mahaifiyarsa, wata 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa mai sanda. Ashe shekara da shekaru tana son zuwa yana hana ta, don ba zai kawo ta gidan da ruwa ke ci ba. Ko ruwan baƙo ba ta sha ba ta ce a kai ta ta gani. Ta bi layukan ɗaya bayan ɗaya tana zungurinsu da sanda. A na bakwai ta tsaya, ta ciro wani dutse ta juya shi, ta yi masa faɗa da yarensu, shi kuwa dattijo da furfura ya sunkuyar da kai yana murmushi. Dokas ta raɗa mini cewa wai ta ce tun yana yaro hannunsa na hagu ke da gaggawa.

Da muka dawo gida Dokas ta nuna mata ɗakin gaba da aka gyara mata, mai kallon titi. Tsohuwa ta girgiza kai. Ta ɗauki ƙullin kayanta ta wuce ɗakin baya, wanda ke kan bakin kwarin, ta ce a shimfiɗa mata a nan. A ɗakin ta zauna shekara tara.