Bindiga a Cikin Tsarabar Gwaggo

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon a buga wannan labari nawa ba tare da suna ba, domin waɗanda abin ya shafa suna raye, kuma kunyar da na ja musu ta isa haka. A lokacin da abin ya faru ni direban tirela ne a Madina, da iƙamata mai kyau, wato takardar zama, da mata da 'ya'ya uku a wani ɗan gida a Aziziyya. Na fi shekara ashirin ina jan mota tsakanin Madina da Yanbu, wani lokaci har Tabuk. Mutum ne ni mai cika baki a cikin direbobi. In an zauna shan shayi a istiraha, inda muke yada zango a hanya, ni ne mai cewa babu abin da sahara za ta nuna mini. Ashe ban san kaina ba, matsoraci ne ni na gaske.

Wata rana da azahar taya ta fashe mini a hanyar Tabuk, wurin da ko tsuntsu ba ka gani. Ina durƙushe ina kwance noti sai wata ƙaramar mota ta tsaya, mutum biyu suka fito. Na ɗauka taimako ne, har na yi musu sallama. Ɗaya ya ɗora mini wuƙa a wuya, ɗayan ya kwashe wayata da abin da ke aljihuna, suka tafi. Ko ƙwarzane ba su yi mini ba, amma daga ranar duk motar da ta rage gudu a bayana sai tsoro ya kama ni. Maimakon in kai ƙara in bar wa hukuma aikinta, sai na kai kukana wurin wani direba. Ya ce maganin wannan ciwo ɗaya ne, kuma ya san inda ake samu. Bayan mako biyu ya miƙo mini 'yar ƙaramar bindiga a naɗe cikin safa. Na san sarai doka ta hana, balle ga baƙo irina. Na karɓa.

An yi gudun gara an tadda zago. Dā ɓarayi kaɗai nake tsoro, yanzu har da 'yan sanda. Duk shingen bincike da na hango sai gumi ya jiƙa mini riga, in riƙa washe baki ina gaisuwar da ba a tambaye ni ba. Wata takwas tana ƙarƙashin katifar da ke bayan kujerata, ban taɓa harba ta ba, ban ma tabbata na iya ba. Matata ba ta san da ita ba.

Sai lokacin binciken lafiyar mota na shekara ya zo, kamfani ya ce in ajiye tirelar a gareji, makanikai za su shiga ko'ina. Dole in fitar da bindigar. Ina da wani kwalin dabino da na sayo a gona a hanya, sai na zazzage shi, na kwantar da bindigar a ƙasa, na mayar da dabinon a kai, na liƙe kwalin da salatif kamar ba a taɓa buɗe shi ba. Na kai gida na ɗora a saman kabad, ina yaba wa kaina dabara. Washegari aka ba ni wata motar na nufi Yanbu.

A kwanakin nan gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta zo Umara daga gida tare da ayarinsu, sun sauka a wani masauki a Anbariyya. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyata, a bayanta na yi wayo. Ta haura saba'in, kuma wannan ne zuwanta na farko. Duk Bahaushen da ke zaune a Madina ya san al'adarmu: ɗan'uwa ba ya zuwa ziyara ya koma hannu rabbana, dole ka haɗa masa tsaraba, kuma dabino ne kan gaba. Na yi niyyar in na dawo in yi mata sayayya, don saura kwana uku su tashi. Ashe an matso da tafiyarsu.

Ina cikin layin lodi a tashar jirgin ruwa ta Yanbu, da hantsi, matata ta kira ni da murnarta. Ta ce jirgin su Gwaggo yau ne da la'asar, amma kada in damu, ta fitar da ni kunya: ta ga kwalin dabinon da na ɓoye wa Gwaggo a saman kabad, ta kai mata da turare da carbi. Ban san sanda na zauna a ƙasa ba.

A nan ne na yi kuskuren da ya fi sayen bindigar muni. Na kira Gwaggo, ta ɗauka. Kalma ɗaya ce za ta raba ta da wannan bala'i, amma bakina ya ƙi furta ta. Ina tsoron ambaton bindiga a waya, ina kuma jin nauyin matar da ta goye ni ta san abin da na zama. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida, to ni ranar duka biyun suka haɗu a kaina. Sai na tsaya gaisuwa, ina tambayar ta ƙafa da kwanan baƙunta. Daga ƙarshe na ce don Allah ta bar kwalin nan a masauki, ba mai kyau ba ne, zan aika mata da wanda ya fi shi. Ta yi dariya, ta ce ita albarka take nema ba daɗin baki ba, kuma tun da take ba ta taɓa mayar da kyauta ba, balle dabinon Madina daga hannun ɗanta. Ta ce ma ta riga ta ɗinke shi cikin jaka. Ta sa mini albarka ta kashe waya. Na sake kira har sau biyar, ba ta ji ba, suna ta hidimar fitar da kaya.

Na bar tirelar a layi, na tari motar haya. Tafiyar da na yi sau ɗaruruwa, ranar ta ƙi ƙarewa. Ina ta karanto duk addu'ar da na sani, ina rantse wa Allah in Ya fitar da ni ba zan ƙara ba. Na isa Anbariyya aka ce motarsu ta daɗe da tashi. Na wuce filin jirgi. Na tarar da 'yan ayarinsu zaune jugum, ba ta cikinsu. Jagoransu ya ja ni gefe ya ce na'ura ta nuna wani abu a jakarta, an shiga da ita ciki tun ɗazu.

Zan faɗi gaskiya ko da za ta zubar da ni. Na fita waje na tsaya kusan rabin sa'a. Babu sunana a kwalin nan. Zuciyata tana ce mini tsohuwa ce, za su gane ba tata ba ce su sake ta, ni kuwa ina da 'ya'ya. Daga ƙarshe na koma ciki, na ce wa jami'in da ke ƙofa ni ne mai kwalin.

Na same ta a kan kujera, mayafinta ya zame, leɓɓanta sun bushe, ga bindigar a kan tebur kusa da dabinon. Ta ɗago ta dube ni, ta ce da ƙaramar murya, “Ɗan nan, me ya kawo ka? Ai na ce musu a kasuwa na saya.” Tun da aka buɗe kwalin ta gane daga inda ya fito. Sun yi ta tambayar ta wa ya ba ta, da tafinta, ta ƙi kama sunana. Matar da ban taɓa jin ƙarya a bakinta ba, ta zo garin Manzo da tsufanta ta yi ƙarya saboda ni.

Sai da ta kwana huɗu a hannunsu kafin bincike ya wanke ta, ta koma gida ita kaɗai, ba ayari ba tsaraba. Ni kuwa na yi zaman gidan yari, da na gama aka sa ni a jirgi, kuma ba ni da damar komawa. Iyalina sun biyo ni garin da 'ya'yana ba su taɓa gani ba. Gwaggo tana nan da ranta, ina zuwa gaishe ta kowace Juma'a. Ba ta taɓa tayar da maganar ba. Sau ɗaya kawai ta ce mini har yanzu tana istigfari a kan abin da ta faɗa a Madina, in taya ta roƙo.

'Yan'uwana direbobi, na san tsoron hanya, na ɗanɗana shi a wuyana. Amma duk abin da za ka ɓoye wa matarka, ka ɓoye wa hukuma, ba kariya ba ce, kuma ba kai kaɗai zai ci ba. In an tare ka, ka kai ƙara, ka nemi tafiya cikin ayari. In kuma ka riga ka yi kuskure, ka buɗe baki ka faɗa tun da sauran lokaci, komai nauyin wanda za ka faɗa wa. Ɓarayin hanyar Tabuk waya suka raba ni da ita. Ni da hannuna na raba kaina da Madina, na kuma sa tsohuwar da ta raine ni tana neman gafarar laifin da ba nata ba.