Geron Gonar Yaya

Shekara tara na yi ina aiki a kamfanin jiragen sama na gwamnati a Kano, amma ban taɓa sa ƙafa cikin jirgi ba. Kamfanin uwa ce mai 'ya'ya da yawa: akwai reshen fasinja, akwai na kaya, akwai na gyara, mu kuma namu na abinci ne. Shinkafa nake zubawa a 'yan faranti, in rufe, mota ta kwashe. A ƙauyenmu na bayan Zango kuwa cewa ake ina aikin jirgi, ni kuma ban taɓa gyara wa kowa ba, don sunan ya yi mini daɗi.

Mahaifina yana da wa guda ɗaya, wanda ya tafi aikin hajji tun ban san kaina ba, ya zauna a Jidda bai dawo ba. Gonar kakanmu ta rage a hannun Baba, amma bai taɓa kiranta tasa ba. Gonar Yaya yake cewa.

Wata kaka na je gida. Ranar da zan koma sai ya rako ni har tashar Daura, abin da bai saba ba, yana rungume da ƙaramin buhun gero wanda ya ɗinke bakinsa da hannunsa. Da yake ni ne ɗan fari, ba ya kama sunana.

"Kai, ungo. Ka ba direban jirgi, ka ce a ba Yaya. Na gonarsa ne."

"Baba, ina adireshi?"

"Adireshin me? In na ba direban motar Kongolam saƙo, adireshi yake tambayata? Ka ce mutumin Zango, dogo, mai tabo a goshi. Za su gane shi."

A tasha gaskiyarsa ce, haka saƙo yake tafiya, kuma yana isa. Na buɗe baki zan ce masa ni ko gaisawa ban taɓa yi da matuƙin jirgi ba, sai na ga 'yan kamasho sun zuba mini ido irin kallon da ake wa babban ma'aikaci. Na ce, "To, Baba."

Ban ƙi gwadawa ba. Na kai buhun reshen kaya, ma'aikacin wurin ya saurare ni har na gama, sannan ya ce sai da cikakken suna, da adireshi, da takardar izinin fitar da hatsi. "Ɗan uwa, nan fa ba tasha ba ce," in ji shi. Na ji haushi ƙwarai, kuma na san bai faɗi ƙarya ba.

Na ɗora buhun a kan kwaba, na ce in lokacin hajji ya zo zan haɗa shi da wani maniyyaci. Kafin nan na je gida da ƙaramar salla, Baba ya tambaye ni a gaban mutane, bakina ya riga ni, na ce na bayar. Daga ranar na ɗaure kaina. Duk maniyyacin da zai iya gano Baffa, wan Baban nawa, ɗan garinmu ne, kuma in na ba shi, magana za ta koma gida. Geron ya yi ƙwari, matata ta zuba wa kaji. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, nawa dai ban ga ƙarshensa ba.

Damina biyu bayan haka aka bugo waya cewa Baffa ya rasu. Muna zaune a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, sai na ji Baba yana ce wa liman, "Abu ɗaya ne ya sanyaya min rai, Malam. Bai tafi ba sai da ya sha furar gonarsa." Ya nuna ni da haɓa. "Wannan ne ya aika masa a jirgi."

Dattawa suka juyo suna sa mini albarka ɗaya bayan ɗaya. Na sunkuyar da kai, suka ɗauka ladabi ne. Baba ya ƙara shekara shida a duniya, kuma ban gaya masa ba.