Wayar da Ke Ƙarƙashin Kujerar Baba

A shekarun da motocin Beljiyam suka fara cika Kafanchan, ina da rumfar gyaran wayar mota kusa da layin dogo. Wata ranar Talata da hantsi wani dattijon ikilisiyarmu, mai fataucin citta, ya shigo da motarsa. Kowa Baba yake ce masa. Direbansa ne ya tuƙo shi, wani Bafulatani siriri daga wajen Kagarko, wanda ya daɗe yana yi masa aiki.

Baba bai bari direban ya yi magana ba. Ya ja ni bayan rumfa.

"Ɗana, esi na motan nan ya lalace," in ji shi. "Amma ka ji abin mamaki. In ina ciki a gari, sanyi kamar firij. In na aike mutumin nan Kagarko shi kaɗai, sai ya dawo babu sanyi. Sau uku ke nan."

"Me kake zato, Baba?"

"Ban ce komai ba. Ka duba ko an canja wani abu."

Lokacin garin bai gama warkewa daga rikici ba. Mutanen da suka shekara suna cin tuwo a kwano ɗaya sun koma kallon juna ta wutsiyar ido. Ni ma da na juyo na ga direban tsugune a inuwa yana kallon hannuna, sai na ji bai kwanta mini ba.

Na duba gas, yana nan. Fiyus lafiya. Motar irin mai gilashi ce a dashbod, wadda ke nuna yawan sanyi. Wani abokin sana'a a Kaduna ya taɓa nuna mini cewa in ka danne maɓalli biyu ka murɗa makulli, irin waɗannan motoci sukan faɗi ciwonsu da lamba. Na gwada. Sai ga sha biyu tana ƙiftawa.

"Mene ne sha biyu?" Baba ya tambaya.

Ban sani ba. Littafin da ke cikin motar da Jamusanci yake. Na ce masa ya ba ni lokaci. Na fara cire ƙananan na'urorin da ke jin zafi ɗaya bayan ɗaya, ina ganin lambar da kowace za ta ƙaro, ina rubutawa da gawayi a bango. Da na cire wadda ke bayan bamba, ba abin da ya ƙaru. Ashe ita ce sha biyu, shi ya sa lambarta take nan tun farko. Na gwada ta, lafiyarta lau. To wayarta ce ke nan.

Direban ya matso. "Malam, ni ban taɓa buɗe wurin nan ba," ya ce a hankali. "Amma na lura, sai mun shiga gargada take ɗaukewa."

Na ci gaba da aikina. A raina na ce, wa ya tambaye ka?

Na bi wayar da ƙwan gwaji, daga gaba har cikin mota, har gefen ƙafar direba. A nan na tarar da baƙin tef sabo fil, ba naɗin kamfani ba. Na warware. An yanke wayar da reza, an murɗe ta an mayar ba dalma, da ka taɓa sai ta saki.

"Baba, zo ka gani. An sa hannu a nan."

Ya leƙo, ya dubi direban. Shi kuma ya miƙe tsaye, ya ce, "Wallahi, Baba, ba ni ba ne." Baba ya mayar da idonsa kan wayar.

Amma akwai wata jar waya da aka cusa a wurin, wadda ba ta motar ba ce. Wanda ya sa ta ya fara yanke wayar esi bisa kuskure, sannan ya gane ya koma ta kusa da ita. Na bi jar wayar ta ƙarƙashin kafet. Ta wuce kujerar direba, ta kai kujerar baya inda Baba ke zama. Na ɗaga kujerar, sai ga ɗan makunni a ɓoye, irin wanda ke yanke wa injin mai.

"Wa ya sa wannan?" na ce.

Baba ya cire hularsa ya share goshi. "Ni ne. Wani a Madakiya ya sa mini, wata biyu da suka wuce. Saboda ɓarayi."

Direban ya daɗe yana kallon makunnin. Makullin motar ɗaya yana wurinsa, kuma shi kaɗai ne ba a gaya wa ba. Kullum in direban ya tashi aiki sai Baba ya kashe man, kafin ya iso da safe ya kunna.

"Da ka gaya mini, Baba," ya ce. "Da ni zan riƙa kashe maka."

"Yarana ne suka matsa mini," in ji Baba, yana kallon ƙasa.

Na haɗa wayar da dalma, na naɗe. Lambar ta ɓace, sanyi ya dawo. Na tambayi Baba ko in cire makunnin. Direban ne ya amsa, ya ce a bar shi, ɓarayi dai akwai su.

Ya ci gaba da tuƙa Baba har aka gama kakar citta, sannan ya yi sallama ya koma gona da shanunsa. Baba ya ce mini sun rabu lafiya, har ya ba shi buhun masara. Na taɓa haɗuwa da shi sau ɗaya a kasuwar Kagarko, ya riƙe hannuna ya tambayi iyalina ɗaya-ɗaya. Na so in ce masa ni ma ranar na zarge shi, amma mai motar da na shigo yana ta danna mini oda, sai na ce ya gai da gida na wuce.